Ƙashin da ke Ɓacewa: Yadda ake Gane Cutar Gorham-Stout

Taƙaitawa

A cikin wannan ƴar takarda mun duba wata cuta wadda ba kasafai ake ganin ta ba, wadda ke sa ƙashin mutum ya yi ta narkewa sannu a hankali har ya ɓace, ba tare da an ga miki ko mugunya ko ƙari ba. Mun nuna cewa babu wani awo guda ɗaya da ke tabbatar da ita. Abubuwa uku ne ake haɗawa: hotunan ƙashi da aka ɗauka a lokuta dabam-dabam, da binciken yankin nama, da kawar da cututtukan da suka fi ta yawa.

1. Gabatarwa

A ɗauka ga wani saurayi ya faɗi faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, sai ƙashin damtsensa ya karye. Aka kai shi wurin maɗori, aka yi ɗori, aka kwance, ƙashi bai kama ba. Aka sake, bai kama ba. Bayan watanni aka kai shi asibiti, aka ɗauki hoton ƙashi, wanda a asibitocinmu aka fi sani da radiyo. Likita ya ɗaga hoton ya ga ba tsagewar karaya ce kawai ba: tsakanin guntayen biyu akwai fili, kuma bakin kowane guntu ya sirance ya yi tsini. Ƙashin da ya kamata a gani a wurin babu shi.

Tambayar da ke gaban likitan ita ce jigon wannan takarda: me ya ci ƙashin? Amsoshi da yawa suna jiran sa, kuma galibinsu cututtuka ne da muka sani. Amma akwai amsa guda wadda ba a isa gare ta sai bayan an rufe sauran ƙofofi duka, ita ce cutar Gorham-Stout, wadda littattafan likitanci na Faransanci ke kira ostéolyse massive. Mu a nan za mu ce mata narkewar ƙashi. Mun zaɓi narkewa a kan ruɓewa, domin ruɓewa tana tafiya da wari da mugunya, wannan kuwa babu ko ɗaya a cikinta.

Adadin masu cutar da aka rubuta labarinsu a duniya duka bai wuce ƴan ɗaruruwa ba. Mai karatu yana iya cewa to mene ne amfanin ɓata tawada a kanta, alhali ga zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka sun cika ɗakunan jinya. Dalilinmu shi ne hanyar da ake bi a gano ta ita ce hanyar da ya kamata a bi duk lokacin da aka ga ƙashi yana raguwa ba a san sababi ba. Wanda ya iya wannan hanya zai fi saurin gane cututtukan da ke kama da ita, waɗanda su ne zai yi ta gamuwa da su.

2. Taƙaitaccen tarihi

Labari na farko da aka sani ya fito a 1838, a wata mujallar likitoci ta birnin Boston a Amurka. Likita Jackson ya ba da labarin wani mutum wanda ƙashin damtsensa ya karye fiye da sau ɗaya, daga nan ƙashin ya yi ta raguwa shekara da shekaru har ya ƙare, ba tare da gyambo ya buɗe ba. An yi fiye da shekara 100 ana samun irin wannan labari jefi-jefi, kowa yana raɗa masa sunan da ya ga dama.

A 1954 Lemuel Whittington Gorham da abokan aikinsa suka buga labarin wasu majinyata, sa'an nan a 1955 shi da Arthur Purdy Stout, masanin binciken nama, suka tattara mutum 24 a cikin makala guda. Abin da suka lura da shi shi ne a duk inda ƙashi ya ɓace, abin da ke maye gurbinsa wani nama ne mai cike da ƙananan hanyoyi masu siririn bango. Sun ɗauka hanyoyin jini ne. Daga nan cutar ta sami sunan mutanen biyu.

3. Abin da ke faruwa a cikin ƙashin

Ƙashi ba dutse ba ne, abu ne mai rai. Ƙwayoyin jiki iri biyu ne ke aiki a cikinsa dare da rana: waɗanda ke cin tsohon ƙashi, za mu kira su maciya, da waɗanda ke zuba sabo, za mu kira su magina. A jikin baligi ana sabunta kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwa a kowace shekara ta wannan hanya. Muddin aikin maciya da na magina ya yi daidai, ƙashi yana nan yadda yake. Idan ƙashi ya karye, magina ne ke tashi su zuba sabon ƙashi a bakin karayar, shi ne ƙullutun da ake ji bayan ɗori ya kama.

A cutar Gorham-Stout wannan daidaito ne ke rushewa a wuri guda. Ci yana ta tafiya, gini kuwa ya tsaya. Binciken da aka yi bayan zamanin Gorham ya nuna cewa yawancin hanyoyin nan masu siririn bango ba na jini ba ne, na ruwan limfa ne, wato farin ruwan da ke kwarara daga cikin nama, ya bi ta kaluluwa, ya koma cikin jini. Ba a saba ganin irin waɗannan hanyoyi a cikin ƙashi mai lafiya ba. An gane haka ne da taimakon wasu sinadaran rini da ke kama bangon hanyar limfa su bar na jini, mafi shahara a cikinsu shi ne D2-40. Saboda haka a 2014 ƙungiyar duniya mai nazarin lahanin hanyoyin jini da na limfa, ISSVA, ta sanya cutar a cikin rukunin lahanin limfa.

Akwai ƙarin haske biyu. A 1996 an ga sinadarin interlukin 6, wanda ke zuga maciya, ya yi yawa a jinin wani majinyaci. A 2020 da 2021 kuma an sami canji a ƙwayar gado mai suna KRAS a cikin naman da cutar ta kama, a wasu majinyata. Ya kamata a lura cewa canjin yana cikin ƙwayoyin wurin ne kawai, ba a jiki duka ba. Wannan ya yi daidai da abin da aka daɗe da gani: cutar ba ta bin zuri'a, kuma ba a ɗaukar ta daga wani.

4. Alamomi

Cutar tana kama maza da mata, kuma an fi ganin ta ga yara da matasa da waɗanda ba su kai shekara 40 ba, ko da yake tana iya zuwa a kowane lokaci na rayuwa. Wuraren da ta fi so su ne kafaɗa, da ƙugu, da muƙamuƙi, da haƙarƙari, da ƙashin baya, da ƙoƙon kai, da ƙashin cinya.

Alamominta ba su da wani abu na musamman. Ciwo ne mara tsanani da ya ƙi tafiya, da ɗan kumburi, da raunin gaɓa, da ramewar tsoka. Sau da yawa karaya ce ke fara tona ta. Idan a muƙamuƙi take, haƙora ne ke fara girgiɗa, cizo ya daina haɗuwa, fuska ta karkace. Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da babu: galibi babu masassara, babu gumin dare, babu mugunya, kuma mutum yana cin abincinsa. Rashin daidaito tsakanin ɓarnar da hoto ya nuna da lafiyar da majinyaci yake ciki shi ne abin da ya kamata ya fara tsayar da likita.

5. Matakan bincike

5.1. Hoton ƙashi

Hoto guda yana nuna halin da ƙashi yake ciki ran da aka ɗauke shi. Cutar da muke magana a kanta kuwa ma'anarta ita ce ci gaba da narkewa, saboda haka hoto guda ba zai taɓa wadatarwa ba. Ban da haka, radiyo ba ya nuna rami a ƙashi sai bayan kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ma'adinin wurin ya tafi. Ke nan hoton farko yana iya fitowa lafiya lau alhali cutar ta riga ta fara.

Idan aka jera hotunan da aka ɗauka a tsakanin watanni, ga abin da ake gani. Da fari ƴan ɗige-ɗigen duhu ne a cikin ɓargo da ƙarƙashin ɓawon ƙashi. Sa'an nan ɗige-ɗigen su haɗu su zama fili ɗaya. Sa'an nan ɓawon kansa ya cinye, bakin ƙashin da ya rage ya sirance kamar alawar da aka tsotsa. A ƙarshe ƙashin ya ɓace, kuma cutar ta tsallaka gaɓa ta kama maƙwabcinsa. Wannan tsallakawa alama ce mai ƙarfi: daga ƙashin damtse zuwa allon kafaɗa, daga allon kafaɗa zuwa haƙarƙari. Alama ta biyu ita ce rashin ramuwa. Ƙashin da ƙwayoyin cuta suka kama yakan yi kauri a gefe, ya zuba sabon ɓawo. A nan babu ko ɗaya.

Sikana tana nuna iyakar cinyewar ɓawo fiye da radiyo, kuma da ita ake zaɓen wurin da za a yanki nama. Hoton IRM kuma yana nuna naman da ya maye gurbin ƙashi da yadda ya ratsa cikin tsokar da ke kewaye.

5.2. Awon jini

Abin mamaki, amfanin awon jini a nan shi ne ya fito ba komi. Kalsiyum, da fosfat, da sinadarin paratiroyid, da alamomin kumburi, da adadin fararen ƙwayoyin jini, galibi duk suna daidai. Sinadarin fosfataz yana iya ɗan ɗagawa, musamman bayan karaya. Duk awon da ya kauce ƙwarai yana nuna wata cuta ce dabam, a bi ta can.

5.3. Yankin nama

Babu makawa sai an yanki ɗan nama an duba a ƙarƙashin madubin awo, abin da ake kira biyopsi. Ana neman abubuwa biyu: ganin hanyoyi masu siririn bango a inda ƙashi ya kamata ya kasance, da tabbatar da cewa ƙwayoyinsu ba na sankara ba ne. Wurin yanka yana da muhimmanci. Idan aka ɗebo daga tsakiyar filin da ya daɗe da narkewa, ba za a sami komi ba sai tabo. An fi samun amsa a bakin iyaka, inda ci yake kan tafiya. Wannan ne ya sa wani majinyaci sai an yanke shi sau biyu ko uku. Ana kuma guje wa yankan haƙarƙari idan akwai wani wuri, domin ruwan limfa yana iya ɓallewa cikin ƙirji ya ƙi tsayawa. Kowane yanki kuma a raba shi: wani don madubi, wani don shukar ƙwayoyin cuta da neman tarin fuka.

5.4. Sharuɗɗa takwas

A 1983 Heffez da abokan aikinsa suka tsara sharuɗɗa takwas waɗanda har yanzu ake komawa gare su:

1. biyopsi ya nuna nama mai hanyoyin jini ko na limfa;
2. ƙwayoyin naman ba su da siffar sankara;
3. magina ba su yi ramuwa ba, ko sun yi kaɗan ƙwarai, kuma babu daskarewar kalsiyum a naman;
4. akwai shaidar cewa ƙashi yana ci gaba da narkewa a wuri guda;
5. wurin bai bunƙasa ba, bai kuma yi gyambo ba;
6. kayan ciki ba su kamu ba;
7. hoto ya nuna narkewa;
8. an kawar da gado, da rikicin sinadaran jiki, da sankara, da cutar garkuwar jiki, da ƙwayoyin cuta.

Mai karatu zai lura cewa biyar daga cikin takwas ɗin magana suke a kan abin da babu. Wannan shi ne abin da ake nufi idan aka ce cuta ce da ake ganewa ta hanyar kawarwa.

6. Cututtukan da sai an kawar

Sharaɗi na takwas bai da tsawo a rubuce, amma shi ne ya fi cin aiki, kuma nauyinsa yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, jerin da likita zai bi ba daidai yake da na Turai ba. Ga waɗanda za a fara da su.

Tarin fuka na ƙashi. Yana son ƙashin baya, yana cin ƙasusuwa biyu da faifan da ke tsakaninsu, yana tara mugunya mara zafi. Ana neman sa ta shuka da na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010.

Ruɓewar ƙashi ta ƙwayoyin cuta, musamman ga masu amosanin jini, wato sikila. A nan akwai masassara, da zafi, da mataccen guntun ƙashi a tsakiya, da sabon ɓawo a gefe.

Kuturta. Tana cinye ƙasusuwan yatsun hannu da na ƙafa har su yi tsini, kamannin da ke iya ruɗarwa. Amma tana zuwa da mutuwar ji a fata, da tabbai, da kaurin jijiyoyi.

Misetoma, wadda ta yawaita a ƙasashen Sahel. Tana huda ƙasusuwan ƙafa, amma ƙafar takan kumbura ta yi ramuka masu fitar da ƴan tsaba, baƙaƙe ko farare ko jajaye.

A muƙamuƙi akwai uku: sankarar Burkitt ta yara, mai saurin girma cikin makwanni, da ƙarin amelobilastoma, wanda ke hura ƙashi ya bunƙasa, da zaizayar baki, wadda ke farawa da gyambo a dasashi. Sharaɗi na biyar ya isa ya raba su da cutarmu.

Sankarar da ta bazu daga nono ko huhu ko ƙoda ko maƙoshi, da sankarar ɓargo mai suna miyelom, waɗanda su ne abin zargi na farko ga wanda ya haura shekara 40.

Yawan aikin paratiroyid, wanda kalsiyum ɗin jini ke tonawa. Da lalacewar gaɓa saboda mutuwar jijiya, wadda ke iya cinye kan ƙashin damtse idan akwai rami a cikin laka.

Bayan waɗannan sai ƴan uwanta na nesa da na kusa. Akwai narkewar ƙashi ta gado, wadda ke kama wuyan hannu da idon sawu na ɓangarori biyu tun ƙuruciya, wani lokaci tare da ciwon ƙoda. Akwai kuma lahanin limfa mai bazuwa, wanda ya fi kowa kama da ita a madubi. Bambancinsu a hoto yake: lahani mai bazuwa yana yin ramuka da yawa a cikin ɓargon ƙasusuwa masu nisa da juna, amma yana barin ɓawo, Gorham-Stout kuwa tana cin ɓawo, kuma tana tafiya daga ƙashi zuwa maƙwabcinsa.

Kuskure biyu ne ke jiran likita a nan. Na ɗaya, ya yi gaggawar kiran sunan baƙuwar cuta, ya bar tarin fuka ko sankara suna aikinsu alhali suna da magani. Na biyu, ya ƙi tunawa da ita sam, majinyaci ya sha maganin tarin fuka wata 12 a banza, ko a yi ta dasa masa ƙashi yana narkewa. Na farko ya fi muni, domin ya fi yawan aukuwa.

7. Inda rai yake cikin haɗari

Narkewar ƙashin hannu ko na ƙafa tana nakasawa, amma ba ta cika kisa ba. Wurare uku ne abin tsoro. A ƙashin baya, rushewa tana iya danne laka ta shanye ƙafafu. A gindin ƙoƙon kai, ruwan ƙwaƙwalwa yana iya yoyo, sanƙarau ya biyo baya. Na uku shi ne ƙirji. Idan cutar ta kama haƙarƙari ko allon kafaɗa ko ƙashin baya na sama, ruwan limfa mai maiƙo yana iya taruwa a kewayen huhu. Wani nazari na 1994 ya sami wannan ga kimanin kashi 17 cikin 100 na majinyatan da aka rubuta labarinsu.

Ruwan fari ne kamar madara, kuma ana iya ɗaukar sa mugunya. Rarrabewa ba ta da wuya: idan aka juya shi a injin wulwulawa, mugunya takan kwanta sama ya washe, shi kuwa yana nan fari. Idan maiƙon tirigiliserid da ke cikinsa ya wuce gram 1,1 a lita, magana ta tabbata. Majinyacin da ake ta zuƙe masa wannan ruwa yana asarar furotin da maiƙo da ƙwayoyin garkuwa, sai ya rame ya zama abin kamun kowace cuta. Saboda haka duk wanda ƙashin kafaɗarsa ko haƙarƙarinsa ke narkewa, a riƙa ɗaukar hoton ƙirjinsa ko da bai yi kukan numfashi ba.

8. Abin da ganewa ke sauyawa

Babu maganin da aka tabbatar yana warkar da cutar ga kowa. Amma sanin sunanta yana sauya abin da za a yi. Ana ba da magungunan bifosfonat don rage aikin maciya, da interferon alfa, da sirolimus, wanda ke hana hanyoyin limfa yaɗuwa kuma aka ƙara yin aiki da shi bayan wani gwaji da aka buga a 2016. Ana kuma gashi da haske a wasu wurare. Aikin tiyata na maye gurbin ƙashi an fi son a jinkirta shi har cutar ta lafa, domin ƙashin da aka dasa lokacin da take kan ci yana iya narkewa shi ma. Cutar takan tsaya don kanta bayan shekaru, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Wannan ya sa kowane wata da aka ɓata kafin ganewa yana da farashi.

9. Kammalawa

Mun ga cewa rini na musamman da IRM da binciken ƙwayar gado suna ƙarfafa hukunci, amma ba su ne ke fara tayar da zargi ba. Abin da ke tayar da shi kayan aiki ne da ke hannunmu: hoton radiyo biyu ko uku na wuri guda, kowane da kwanan watansa, an jera su gefe da gefe. Shawarwarinmu uku ne. Karayar da ba ta kama ba bayan watanni, ko wadda ta auku ba tare da buguwa mai ƙarfi ba, a ɗauki hotonta, a sake ɗauka bayan wata 3. A rubuta suna da kwanan wata a jikin kowane hoto, a kuma gaya wa majinyaci ya adana tsofaffin hotunansa ya zo da su duk inda aka tura shi, domin tsohon hoto a nan ya fi sabo daraja. A ƙarshe, a koya wa ɗalibanmu su bi jerin da ke sashe na 6 daga farko har ƙarshe, su kawar da na gida kafin su kira sunan baƙo.